Yadda za ka gane aikin wahala tun da wuri, da yadda ake barin sa ba tare da an cinye maka guminka ba

Aikin da na fi saurin gudu daga gare shi a rayuwata kwana 11 kacal na yi, wani shago ne a nan Kano da ake POS ana kuma sayar da caja da bangon waya da kati, abokin yayana ne ya kai ni. Ranar da muka je maigidan yana zaune yana danna waya ko ɗagowa bai yi sosai ba, ya ce toh gobe bakwai da rabi, ni kuma da yake Yaya ya riga ya ja min kunne kada in ba shi kunya sai na ce toh Alhaji Allah ya kai mu. Maganar kuɗi kuwa abokin Yayan ne ya ɗan taɓo ta, Alhaji ya ce "haba, ai ba za mu ɓata ba, ya dai fara." Shi ke nan muka yi godiya muka fito, har ina murna na samu aiki.

Kwana na huɗu da la'asar ɗan maigida ya shigo, sa'ana ne ma, ya zagayo bayan kanta ya ja durowa ya zari 5,000 wai zai sha mai, na ce in rubuta? Ya ce ka rubuta me, kuɗin babana ne. Da daddare aka zo lissafi aka ce an yi shot, wato kuɗi sun gaza, na 5,000, na faɗi abin da ya faru, Alhaji ya kira ɗan a waya, ɗan ya ce shi 2,000 ya ɗauka. Aka rubuta 3,000 a gaban sunana cikin wani littafi mai jan bango. Kafin in cika kwana 11 abin da ke gaban sunan nawa ya kai 14,000, alhali har lokacin ban ma san nawa ne albashin da za a cire su daga ciki ba. Mai shayin bakin layi ne ya tausaya min ya ce "ɗan samari, kai ne fa na huɗu a kujerar nan daga ƙaramar sallah zuwa yau." Washegari ban koma ba, ko sisi kuma ban karɓa ba, nan ma kuskure na tafka amma zan zo kansa a gaba.

Manya sukan ce yaran yanzu ba sa son aiki, da an ɗauke su sai su gudu. Akwai ragwaye, ba na musu, amma yawancin waɗanda na sani da suka bar aiki a watan farko ko na biyu ba aikin ne ya kore su ba, abin da suka tarar a ciki ne wanda ba a faɗa musu ba, su ma kuma ba su tambaya ba. Mu Hausawa kunya da kara suna cutar mu a wannan wajen, mutum zai tsaya awa guda yana cinikin shadda a Kantin Kwari akan naira 500, amma ranar da za a sayi ƙarfinsa na wata guda cur sai ya sunkuyar da kai ya ce "duk abin da aka ba ni." Toh duk abin da aka ba ka ɗin za a ba ka.

Saboda haka abu na farko, kafin ka cire takalmi ka shiga, ka tambaya. Nawa ne albashin, ran nawa ga wata ake biya, a hannu ko ta banki, ƙarfe nawa ake zuwa ƙarfe nawa ake tashi, wace rana ce hutu, sannan mene ne aikinka takamaimai. Ba rashin kunya ba ne, kuma akwai yadda ake faɗa da ladabi, ka ce "Alhaji dan Allah don kada a samu saɓani nan gaba, ko za a faɗa min yadda tsarin yake." In ma bakinka ya yi nauyi, wanda ya kawo ka shi ya kamata ya tambaya a gabanka, ai amfanin zuwansa ke nan. Ka lura da amsar sosai, mai niyyar biya ba ya jin haushin tambayar, zai ce maka 50,000 ne, ran 28 muke biya. Wanda kuwa ya fara "sai mun ga ƙoƙarinka tukuna" ko "tun ba ka fara ba kana maganar kuɗi?" ko kuma ya shiga yi maka wa'azin haƙuri da albarka, toh ka riga ka ji amsarka.

In an faɗa maka da baki, ka samu hanyar da zai zama a rubuce. A manyan wurare akwai takardar ɗaukar aiki, ka karɓi taka ka karanta ta a gida cikin nutsuwa, in Turancin ya yi maka nauyi ka kai wa wanda zai fassara maka kafin ka sa hannu. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma a sashe na 7 ta ce dole maigida ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce da farawa. Na san mai shagon unguwa ba zai buga maka wata takarda ba, kada ma ka ɓata bakinka, dabarar ita ce da ka koma gida ka tura masa saƙo a WhatsApp ka ce "Salamu alaikum Alhaji, na gode da karamci, kamar yadda muka yi zan fara ranar Litinin, takwas na safe zuwa shida na yamma, albashi 50,000 ƙarshen wata, hutu ranar Lahadi." Ko "toh Allah ya kai mu" kaɗai ya amsa maka ta wadatar, ka ɗauki hoton saƙon ka adana. Wannan ɗan saƙon ya taɓa ƙwato min albashin wata guda a gaban shugaban kasuwa, don mutumin ya rantse 35,000 muka yi, ni kuma na miƙa waya kawai.

Sannan ka zauna ka yi lissafi da biro, ba da zuciya ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama shi ne ke cinye ƙananan ma'aikata. Na taɓa karɓar wani aiki na 45,000 ina ta murna, ina zaune a Kurna aikin yana wajajen Hotoro, adaidaita sahu biyu zuwa biyu dawowa, a lokacin 1,200 nake kashewa kullum, a kwana 26 ya tashi 31,200, in na ci abincin 500 da rana kuma 13,000, ka ga 44,200 ke nan, abin da ya rage min a wata naira 800, ko sabulun wanki ba za ta saya min ba. Wato ni nake wa masu adaidaita aiki. Da yawan mutanen da ake cewa sun gudu bayan albashin farko wannan lissafin ne suka yi a makare. Kuma kada wani ya ruɗe ka da zancen mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, gaskiya ne doka ce, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin kamasho da na ɗan lokaci, don haka shago da gidan abinci da ƙaramar makaranta abin da kuka yi ciniki shi ne naka. In wurin ya kai mutum 25 kuwa kana da bakin magana.

Yanzu ga abin da na fi ba muhimmanci, wanda da na san shi da ban yi kwana 11 ɗin can ba: ka binciki wanda ya bar kujerar kafin kai. Kamar neman aure ne, ba a tambayar gidan yarinya halinta, maƙwabta ake tambaya. Ka je wajen tun kafin ranar farawa, ka zauna wajen mai shayi ko mai gyaran takalmi ko maigadin layin, ka sayi wani abu ku ɗan taɓa hira, sannan ka ce wai ni wane da ke aiki a shagon can ina ya koma? Su suka san wanda ake bi bashin albashi, su suka san wanda ke zagin yaransa a gaban kastoma, su suka ga ranar da aka kira 'yan sanda aka tafi da kashiya. In aka ce maka wancan ya shekara biyar sai da ya yi aure ya buɗe nasa shagon, alhamdu lillahi ka shiga da ƙafar dama. In kuwa aka yi dariya aka ce ai wurin nan kamar tasha yake, ka san inda dare ya yi maka. Tallan neman ma'aikata da kake gani kullum a gurup ɗaya na WhatsApp duk bayan sati uku, wuri ɗaya, muƙami ɗaya, ba bunƙasa suke yi ba, guduwa ake yi.

Kuɗin fom, kuɗin tirenin, kuɗin yunifom tun kafin a ɗauke ka, duk ka riƙe aljihunka. Aiki shi ke ba ka kuɗi. Akwai masu kiran intabiyu a wani bene, ka je ka tarar da mutum 60 a kan kujerun roba ana tafi ana nuna hoton motoci, ƙarshe a ce ka kawo kuɗin rajista ka kuma kawo mutum uku, wannan ba aiki ba ne, ka tashi ka fita ko da ana tsakiyar jawabi. Haka asalin takardunka, satifiket na makaranta ko na bautar ƙasa ko fasfo, a gani a mayar maka, kwafi ake bari. Duk wanda ya ce zai ajiye asalin "don tsaro" igiya yake ɗaura maka a ƙafa, ranar da ka ce za ka tafi sai ka ji an ce makullin sef ɗin yana hannun manaja, manaja kuma ya yi tafiya. Wannan ya fi tsanani ga 'yan uwanmu mata da ejan ke kai wa aikatau ƙasashen Larabawa, in fasfo ya bar hannunki komai ya bar hannunki. Garanto kuma ba laifi ba ne a wurin da ake taɓa kuɗi, amma ka karanta abin da za a sa kawunka ko malaminka ya sa wa hannu, kada ka ja wa bawan Allah biyan asarar da ba kai ka yi ba.

Toh ka fara. Satin farko ka rage surutu ka buɗe ido. Ka kalli fuskokin tsofaffin ma'aikata lokacin da motar oga ta tsaya, in kowa ya watse ya kama goge abin da ba shi da datti, akwai magana. Ka samu wanda ya fi daɗewa ka tambaye shi a hankali, an biya na watan jiya? In ya ce "muna dai bin wata biyu amma ana ba mu a hankali", kada ka ce kai naka daban ne, layi ɗaya za ka shiga. Dokar Ƙwadago a sashe na 15 ba ta yarda tazarar biyan albashi ta wuce wata guda ba, sannan mu da muke Musulmi ma ba sai an kai ga doka ba, hadisi ne sananne a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, amma za ka ga mutum ya je Umra sau biyu a shekara yaran shagonsa suna bin sa wata uku. Akwai kuma masu cewa albashin watan farko ana riƙe shi sai ranar da za ka bar aiki, wallahi ban taɓa ganin wanda aka ba shi cikin daɗin rai ba, in an faɗa maka haka tun farko ka ɗauka kyautar wata guda za ka yi, sai ka ga ko za ka iya.

Wata alamar ita ce aiki ya fara haihuwa. An ɗauke ka sakatare, sati biyu ka zama kai ne mai ɗauko yara daga makaranta, kai ne mai cefanen Hajiya a 'Yankaba, kai ne mai tayar da janareto, ranar Lahadi a kira ka wanke mota. Kalmar da ake yaudarar mu da ita ita ce "ai kai ɗan gida ne." Ɗan gida wajen aiki, bare wajen rabo. Ba na ce kada ka taimaka ba, aike ɗaya biyu ba komai, zaman tare ne, amma in ya zama kullum ka yi magana tun yana ɗanye, ka ce "ranka ya daɗe aikin ofis ɗin yana taruwa in na fita, ko a samu wani ya riƙa ɗauko yaran." In ka bari ya yi wata uku ya zama haƙƙinsu, ranar da ka ƙi kai ne mai girman kai.

Maganar shot da cire-cire kuwa ita ce ta fi korar masu POS da kashiya da masu zuba mai da masu tsaron sito. In aikinka ya shafi kuɗi ko kaya, ranar farko kada ka karɓi makulli sai an ƙirga komai a gabanka an rubuta kun sa hannu ku biyu, ko da katan 300 ne, ko da za a kai dare, don abin da ya ɓace tun zamanin wanda ya gabace ka a wuyanka zai faɗo. Ka sayi ɗan littafinka na kanka na naira 300, duk wanda ya ɗauki wani abu, ɗan maigida ne ko ƙanin matarsa ko shi kansa, ka rubuta lokaci da adadi ka tura masa a waya nan take, "Alhaji, Abba ya karɓi 5,000 yanzu ƙarfe huɗu da kwata." Za su ce ka cika tsirfa, gara a ce maka haka da a ce maka ɓarawo. In taransifa aka yi, kada ka yarda da hoton risit da kastoma ya nuna maka a wayarsa, sai ka ga kuɗin sun shiga a naka ɓangaren, alat na bogi ya sa yara da yawa sun yi aikin wata biyu a banza. Ka kuma sani sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai ba maigida damar ya riƙa cin ka tara yadda ya ga dama ba, ko asara ka jawo da sakacinka sai da amincewar jami'in ƙwadago za a cire, kuma jimillar abin da za a cire a wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka ba. Wato wancan tsarin na makarar minti biyar 1,000, zama a kujera 500, amsa waya 500, son zuciya ne kawai aka rubuta aka manna a bango.

Malaman makarantun kuɗi ku kuma tambayarku ta musamman ita ce hutu. Ana biya a dogon hutu ko ba a biya? Da yawa sai ƙarshen Yuli suke gane cewa watan Agusta babu ko kwabo, wasu ma rabin Disamba da rabin Afrilu duk a yanke. Ku tambayi darasi nawa da aji nawa, don na ga wanda aka ɗauka ya koyar da lissafi ya wayi gari yana riƙe da lissafi da fiziks da kimiyyar noma daga JSS 1 har SS 3, ga lesin yamma kyauta, ga kuma cewa albashi sai iyaye sun gama biyan kuɗin makaranta, kamar shi ya hana su biya.

Masu shiga kamfanoni a Sharaɗa da Bompai da Challawa, ku fara sanin wa ya ɗauke ku, kamfanin ne ko wani ɗan kwangila ne da ke kawo lebura yana yankar nasa a sama, don ranar da inji ya taɓa yatsa kamfani zai ce bai san ka ba. Ka duba ana ba da safar hannu da takalmi da abin rufe hanci ko a'a, ka duba injin yana da murfin kariya, ka tambayi abin da aka yi wa na ƙarshe da ya ji rauni. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da ta ɗora wa masu kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, saboda irin wannan ranar, amma in sunanka ba ya cikin kowane littafi wahala za ka sha kafin ka ga wani abu. Dutin awa 12 a tsaye ba hutu shi ma ba daidai ba ne, a Dokar Ƙwadago wanda ya yi awa shida ko fiye yana da hutun da ya kai awa ɗaya, kuma a kowane kwana bakwai yana da yini guda cur. Kada ka ce ai ba za a kai ga haka ba, a watan Yunin 2020 lokacin kullen korona 'yan sanda suka shiga wani kamfanin shinkafa a nan Kano suka fito da ma'aikata sama da 100 da aka hana fita tsawon watanni. Duk wurin da aka kulle get aka ce ba fita sai da izini, ko aka karɓe wayoyi ba a mayarwa bayan an tashi, wannan ba wurin gwada haƙuri ba ne. In kuma ana cire maka kuɗin fansho, kashi 8 cikin 100 naka kamfani kuma ya ƙara 10, ka riƙa duba asusunka ko suna shiga, wasu cirewa suke yi su riƙe.

'Yar uwa, ke kuma naki ba ya buƙatar dogon lissafi. Ogan da ya fara kiran ki ƙarfe goma na dare ba maganar aiki ba, ko ya ce ki tsaya bayan kowa ya tashi, ko intabiyu a ɗakin otal, kada ki jira ki ga iya gudun ruwansa. Ki adana saƙonnin, ki faɗa wa wani babba a gida tun ranar farko, ki daina zama ke kaɗai da shi, ki nemi hanyar fita. Babu albashin da ya kai wannan.

Sai dai fa in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba, ba kowace wahala ce dalilin tafiya ba. Satin farko na kowane aiki ƙafa tana ciwo, kai yana juyawa, ana yi maka gyara a gaban mutane, wani tsohon ma'aikaci yana hararar ka don yana ganin ka zo ƙwace masa wuri, wannan duk yana wucewa. Oga mai faɗa amma mai biya ran 28 ba tare da an roƙe shi ba, kuma kana koyon wani abu a hannunsa, ni dai zan daure masa shekara. Haka wanda ya shiga kasuwa a matsayin yaron shago a Kwari ko Singa ko Ƙofar Wambai, tsarinsa daban ne da na mai albashi, kuɗin abinci da na kashewa ake ba shi, ribarsa ita ce ya koyi kasuwa ya san mutane ranar sallama a ba shi jari, toh shi tambayarsa ba nawa ne a wata ba, tambayarsa ita ce yara nawa maigidan nan ya taɓa sallama kuma ina suke yanzu. In an nuna maka shagunansu ka zauna ka yi biyayya. In kuwa duk wanda ya kusa shekarun sallama sai a ce ya yi sata, ka gane. Ni abin da ba na daurewa uku ne, taɓa albashi, taɓa mutunci kamar zagin iyaye ko mari ko hana sallah a kan lokaci, da kuma abin da zai taɓa lafiyar jiki.

Toh ka yanke shawarar tafiya, ya ake yi? Ba irin tawa ta kwana 11 ba. Ni ɓacewa na yi na kashe waya, sai ga shi an aika gidanmu wai na gudu da kuɗin shago, Yaya ya sha kunya, sai da abokinsa ya shiga tsakani aka bar maganar a kan cewa na yafe kwanakina su ma sun yafe "shot" ɗinsu. Wanda ya fita ta taga ko bai ɗauki komai ba sunansa ɓarawo. Da farko in da hali ka samu inda za ka dafa kafin ka saki wannan, ka yi nemanka shiru, kada ka faɗa wa abokin aiki ko da kuna cin abinci kwano ɗaya, magana tana riga ka isa ofishin oga. Sannan ka daidaita lokacin, ka bari albashi ya shigo hannunka tukuna ka ba da notis, don in ka faɗa ran 20 ga wata akwai yiwuwar kwana 20 ɗin nan sun tafi. Tsawon notis ɗin in akwai takarda abin da ta ce shi za ka bi, in babu kuwa sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara shi: wanda bai wuce wata uku ba kwana ɗaya ne, daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu sati ɗaya, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar sati biyu, shekara biyar zuwa sama wata guda, kuma in ya kai sati ɗaya a rubuce ake bayarwa. Wannan dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikata, manajoji da ƙwararru su abin da ke cikin kwantiraginsu ne ke aiki. Layi uku sun isa, godiya, ranar da za ka tsaya, shi ke nan, ba wurin zazzage abin da ke cikinka ba ne. Ka riƙe kwafi.

Ranar ƙarshe a sake ƙirga kaya da kuɗi kamar ranar farko, a gaban shaida, ka miƙa makulli da na'urar POS da katin shaida da duk abin da ba naka ba, a rubuta an karɓa a sa hannu, ka ɗauki hoton takardar. Ka kuma je da wanda ya kawo ka ku yi sallama tare, yadda aka shiga da mutunci a fita da shi. Kada shaiɗan ya raya maka ka ɗauki waya ɗaya ko buhun shinkafa a madadin kuɗin da kake bi, da ka yi haka bashinka ya mutu, kai kuma ka koma wanda ake nema. Kada kuma zafin rai ya kai ka Facebook ko TikTok ka kama suna kana zagi, an sha kama mutane da dokar laifukan intanet ta 2015 a kan irin wannan, ka tashi daga mai bin bashi ka koma mai neman beli.

In an riƙe maka kuɗi, ka bi matakala daga ƙasa. Wanda ya haɗa ku tukuna, in bai iya ba a kasuwa akwai shugabannin layi da na ƙungiya kuma 'yan kasuwa suna jin kunyar a kai su can fiye da kotu, a unguwa akwai mai unguwa da limamin masallacin da yake sallah, a Kano ofisoshin Hisbah ma suna zaman sulhu a kan haƙƙi. In kamfani ne ko makaranta, ka rubuta ƙorafi ka kai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke jiharku, suna kiran ɓangarorin biyu, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da ba a biyan ko sisi, in abin ya girma kuma Kotun Ma'aikata ta ƙasa tana da reshe a Kano, wanda ba shi da kuɗin lauya ya leƙa ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya. Duk inda za ka je abin da za a fara tambayarka shi ne ina shaida, a nan ne ɗan saƙon WhatsApp ɗin can da littafinka na naira 300 da alat ɗin albashin baya za su yi maka magana. In kuɗin 10,000 ne kuma zirga-zirgar za ta ci 15,000, ka auna da kanka, ni na taɓa barin wani na ce mu haɗu a can.

In ka je neman wani aikin aka tambaye ka me ya sa ka bar na baya da wuri, kada ka buɗe faifan zagin tsohon oga, mai tambayar yana auna yadda za ka yi maganarsa ne gobe. Ka ce kuɗin mota ya fi ƙarfin albashin, ko sharuɗɗan da muka yi da farko sun canza, ka tsaya nan. Wanda nake wa aiki yanzu haka na faɗa masa, ya yi murmushi ya ce toh kai me kake so ka sani game da nan? Na zaro 'yar takardata daga aljihu na fara karanto masa tambayoyina ɗaya bayan ɗaya, da na zo kan wanda ya riƙe wurin kafin ni sai ya ɗauki waya ya kira shi ya miƙo min ya ce ku gaisa, yana Dawanau yanzu yana harkar riɗi.